Wadda Aka Kira Yamyam a Gidanmu

Yanzu ba kasafai nake jin kalmar ba. In ka ce wa yaran yau yamyam sai su yi dariya, su zaci wani abin tauna ne ake talla. Mu kuwa da ita muka tashi. A Icirnawa aka haife ni, kuma kakata ta wajen uba ce ta fara rarrabe mini masu cin mutane, wata rana tana gurzar auduga ina tsince mata angurya. Ta ce kura dabba ce, yunwa ke koro ta gari. Dodo yana cikin ruwa ko kogon kuka, in ba ka je inda yake ba, ba ruwansa da kai. Maye mutum ne da ake kwana ake tashi da shi, amma kurwa yake ci, ya bar gangar jiki a kan tabarma tana ramewa. Yamyam shi ne mai cin naman mutum, ya dafa a tukunya, ya sa gishiri, ya kira 'yan'uwansa. Ta ce suna can kudu, bayan Kano, cikin duwatsu, haƙoransu masu tsini, wasunsu har da wutsiya. Na tambaye ta ko ta taɓa ganin ɗaya. Ta ce Allah ya kiyaye.

Da yake ba wanda ya taɓa ganinsu a ƙasarmu, kalmar ta fi yawo a bakin masu wasa. Yaron da ya sure tsokar babansa daga akushi, a ce masa, "Kai, yamyam!" Jaririn da ya fara haƙori ya ciji nono, uwarsa ta faɗa masa haka tana dariya. Taubasai suna jifan juna da ita. In yarinya ta cika yin nisa wajen itace, a ce mata ta ci gaba, yamyam na jiranta bayan tudu. Ni kaina na faɗa wa mutane da yawa, ban taɓa jin nauyinta a harshena ba.

Aka yi mini aure a Matameye, da sauran shekaru kafin mu ji labarin Nasara. Mijina falke ne, yana kai kanwa da fatu Kano a kan jakuna, ya dawo da goro da zannuwa. Mu uku ne a gidan, ni da shi da mahaifiyarsa, wadda nake kira Inna. Ɗana na fari bai yi wata biyu a duniya ba. Ina da tsohon ciki na biyu, ga gwiwoyin Inna sun gaza, sai Maigida ya dawo daga wata tafiya da mace a bayan jakunansa. Baiwa ce ya saya don ta kama mana daka da ɗiban ruwa.

Za ta girme ni da shekara biyar ko shida. Gajeruwa ce, baƙa, ƙafafunta duk sun tsage don tafiya. Ba ta jin Hausa ko kaɗan. Abin da na fara lura da shi, zanen da ta ɗaura a ƙirji yana jiƙe wuri biyu, ƙudaje na bi. Na gane ba ta daɗe da rabuwa da jariri ba. Ban tambaya ba, don ba a tambayar irin wannan. Kwana uku ba ta taɓa abinci ba, sai ruwa. Ta zauna a gindin rumbu, bakinta a rufe, duk inda na yi da tukunya idonta na bi na.

A rana ta huɗu ta yi hamma a gaban Inna. Haƙoranta na sama guda huɗu an feƙe su, kowane da tsini kamar ƙayar aduwa. Inna ta saki ludayin da ke hannunta ta yi salati. Da Maigida ya shigo ta tare shi a bakin ƙofa.

"Yamyam ka sayo mana? Duk kasuwar Kano ba ka ga mutum ba?"

Ya ce, "Haba Inna, ado ne irin nasu. Na ga irinsu da yawa."

"Ado? To ka ajiye adon a ɗakinka, ban da nawa."

Kafin la'asar unguwa ta ji. Da ta fara zuwa rijiya, yara suka riƙa bin ta suna rera kalmar suna tafi, mata suna cewa ta buɗe baki su gani. Duk cikin raha ne a lokacin. Maƙwabciyarmu, matar wani masaƙi da danga ɗaya ta raba mu, takan leƙo ta ce, "Yau wa yamyam ɗinku ta ci?" mu yi dariya. Amma ba zan ɓoye ba, na ɗauke wuƙar yankan kuɓewa daga madafa na sa a ƙarƙashin shimfiɗata.

Ba a yi sati uku ba na haihu, mace. Zazzaɓi ya kwantar da ni tun kafin suna. Ungozoma ta tatsi nonona a ƙoƙo ta jefa tururuwa a ciki, tururuwar ta yi 'yar iyo ta tsaya. Ta ce nonon ba shi da kyau, shi ya kashe na fari, kada a ba wannan. Aka gwada na akuya, jaririyar ta riƙa amayar da shi. Kwana biyu tana kuka, a na uku kukan ya koma kamar na ɗan kyanwa. Ungozomar ce ta dubi baiwar ta dubi Inna.

Inna ta ce, "Jikata ta sha nonon yamyam? Gara a bar wa Allah."

Maigida ya fita wurin liman, ya dawo ya ce liman ya ce halal ne. Ya ɗauki jaririyar da kansa ya miƙa wa baiwar.

Ina kwance ina kallo. Ta karɓe ta, ta zauna a bakin ƙofar ɗakina, ta kwance zane. Da ƙyar yarinyar ta kama. Can sai na ga ta sunkuyar da kai, bakinta ya kusa taɓa maɗigar 'yata. Na ƙwalla ihu da ɗan ƙarfin da ya rage mini. Ta ɗago a firgice. Ashe shinshinar kan yarinyar take yi, hawaye na zuba har kan haɓarta. Ba ta san abin da ya sa na yi ihu ba. Ni na sani, kuma har yau in na tuna sai na ji kunya.

Yarinyar ta rayu, ta yi ɓul-ɓul. Ni ma na tashi, amma nonona ya ƙafe. Na mayar da wuƙa madafa. An raɗa wa baiwar suna irin wanda ake raɗa wa bayi, Inna da Maigida da shi suke kiranta. Ni kuwa in mu biyu ne Yaya nake ce mata, tun tana hana ni har ta bari. Ita kuma uwar ɗakina take ce mini. Ta koyi Hausa da sauri, ko da yake har ta bar gidanmu tana mayar da mace namiji in tana magana. Ta iya daka fiye da duk wadda na sani. Ta san ganyaye da saiwoyin da mu ba mu ɗauka abinci ba. In tana goye da 'yata takan yi mata wata waƙa da harshensu, mai amshi gajere, yarinyar ta riƙa buga mata baya.

Wata rana da rani muna kaɗi a inuwar ɗaki, Inna ta tafi barka, na yi ƙarfin hali.

"Yaya, haƙoran nan, me ya sa?"

Ta taɓa kumatuna inda tsagar gidanmu take. "Wannan fa, me ya sa?"

"Don a san gidan da na fito. Kuma don kyau."

"To haka. In yarinya ta isa aure sai a yi mata. Wadda ba a yi wa ba, maza ba su kallonta. Da dutse ake yi. Akwai zafi."

Na murza mazari. Sa'an nan na ce, "Da gaske kuna cin mutane?"

Na zaci za ta yi fushi. Dariya ta yi har ta dafa ƙasa. Da ta gama ta goge ido ta ce, "A wurinmu ku ne masu ci."

"Mu?"

"Masu riga, masu doki. Suna zuwa su kwashi mutane, ba wanda ya taɓa dawowa. Tsofaffinmu suka ce ci ake yi, in ba ci ba me za a yi da mutane haka da yawa? Ranar da na zo, na ga kin ɗora babbar tukunya, na ce tawa ce. Da kika kawo tuwo, na ce so ake in yi ƙiba."

Shi ya sa ba ta ci ba kwana uku. Ta gaya mini kalmar da suke kiranmu da ita, na gwada faɗa sau biyu, ta ce ban iya ba. Na manta ta yanzu. Na tambaye ta jaririnta. Ta ce namiji ne, a hanya wani daga cikin masu kora su ya ga yana rage mata sauri. Iyakar abin da ta faɗa ke nan, ta koma kaɗinta.

'Yata tana da shekara ɗaya da 'yan watanni sai fara ta sauka mana ana gab da girbi, ta bar kara tsaye. Muka lallaɓa da abin da ke rumbu da abin da Maigida ya iya sayowa. Kafin damina ta zagayo, gidaje da yawa sau ɗaya ake ɗora tukunya. Raha ta ragu a bakin rijiya. A lokacin noman fari, Yaya ce ke riƙe da gidanmu, kullum da hantsi ta tafi fadama ta dawo da tafasa da yaɗiya da duk abin da ta samu.

Wata ranar Laraba Yaya ta dawo bayan azahar, da ɗigon jini a gefen zanenta, tana murmushi da bakinta a rufe kamar yadda ta saba. Ta ja ni bayan ɗaki ta kwance wani ƙunshin ganye. Damo ta kashe da sanda, ta gasa shi a can, ta ci rabi don nono ya kawo, ta kawo mini wutsiya da cinya ɗaya. Na ci a tsaye, na tsotse ƙashin, ban ko tuna da Inna ba. Rabona da nama tun Layya.

A ranar ce 'yar maƙwabciyarmu ta ɓata. Yarinya ce 'yar shekara takwas, mai wushirya, ita ce ke zuwa ɗaukar mana wuta da safe. An aike ta da fura gonar babanta a hanyar Kurni, ba ta isa ba, ba ta dawo ba. Maza suka bazu nema. Washegari aka tsinci ƙwaryar a kife gefen hanya, da faifan a can gaba. Babu jini, babu sawun kura. Wani makiyayi ya ce ya ga mutum uku a kan raƙuma sun yi arewa da tsakar rana, ɗaya da wani abu a gabansa lulluɓe. Ya faɗa a bakin kasuwa, ya kora shanunsa ya wuce. Kowa ya san irin waɗannan mutane masu satar yara su sayar, kuma kowa ya san ba a gidan talaka suke sauka ba. Ba wanda ya tashi bin sawun raƙuma.

A kwana na uku wata mata ta ce ta ga baiwarmu ranar Laraba a fadama, tsugune gaban wuta, tana yagar nama da haƙora. Fadamar kuwa ba ta da nisa da hanyar Kurni.

Ina tankaɗe na ji kukan maƙwabciyata ya taso daga gidanta ya zagayo ta ƙofarmu. Ta shigo ba ɗankwali, mata na biye da ita, maza sun cika zaure. Ba ta dube ni ba. Ta zube gaban Yaya, wadda ke zaune tana ba 'yata nono, ta kama ƙafarta.

"Ki ba ni ko ƙashinta ne in binne. Ba zan ce komai ba. Ƙashin kawai."

Yaya ta dube ni, don ba ta gane ba. Sai wata daga baya ta ce, "Yamyam!" Kalmar da na ji sau dubu ce, amma ban taɓa jin ta haka ba. Ba wanda ya yi dariya. Wata ta fizge 'yata daga ƙirjinta ta miƙo mini, yarinyar na ihu, nono na ɗiga. Wata ta jawo zanen da ke kan danga ta ɗaga, ga ɗigon jinin da bai fita da wanki ba.

Na buɗe baki na ce, "Damo ne! Wallahi damo ne, ni ma na..."

Inna ta toshe mini baki da tafin hannunta, da ƙarfin da ban san tana da shi ba. Ta tura ni ɗaki ta saki asabari. Ta matso da bakinta kunnena.

"Ki ce kin ci? A gaban waɗannan? Su ce ke ma kin ci 'yar mutane? Ga wannan da ta sha nononta shekara biyu, kina so a fara kiranta da me? Wa zai aure ta? Ki yi shiru, in kina son 'yarki."

Na yi shiru. Ina rungume da yarinyar a cikin ɗaki, ina jin ana jan Yaya a tsakar gida, tana kiran "uwar ɗakina, uwar ɗakina," ban fita ba.

Abin da ya faru a ƙofar mai gari daga bakin Maigida na ji, don mata ba su zuwa. An tafi da ita fadama ta nuna inda ta hura wuta. Aka tone tokar aka sami ƙananan ƙasusuwa. Wani tsohon maharbi ya juya su a tafinsa ya ce na damo ne, ga kan ma, duk wanda ya taɓa cin damo ya sani. Wani ya ce yatsun yaro ma ƙanana ne. Wani ya ce yamyam ba ta barin ƙashi inda za a gani, wannan na rufe ido ne. Liman ya ce ba a kama mutum da zato. Suka saurare shi har ya gama, suka ci gaba da maganarsu. Daga ƙarshe mai gari ya ce shi bai sami laifi a kanta ba, amma ba shi da mutanen da zai sa su tsare ta dare da rana. Kada kasuwa mai zuwa ta ci tana garin.

Aka dawo mana da ita da kumburarren ido. Daga ranar ba ta ƙara fita ba. Ni na koma ɗiban ruwa, in na iso rijiya mata su janye gugansu su ba ni wuri, ba mai gaishe ni. Ba a zuwa ɗaukar wuta gidanmu, mu ma ba a ba mu. Aka jefo mana mataccen kare ta kan danga. Wata rana na ji yara a waje suna kiran 'yata 'yar yamyam.

Na sami Maigida yana ɗinkin akumarin jaki. Na durƙusa.

"Maigida, ka gaya musu na ci naman. Kai namiji ne, za su ji."

"Na san damo ne. Maharbi ya faɗa, liman ya faɗa. Kin ga sun ji?"

"To ka 'yanta ta."

"In 'yanta ta ta je ina? Ta fita ƙofar nan ba ta kai bakin gari ba."

"Uwar 'yarka ce. Nononta ne a jikin yarinyar nan."

Ya ajiye basilla. Ya ce ya riga ya tambayi liman wannan. Liman ya ce shayarwa tana hana aure tsakanin 'ya'ya, amma ba ta hana sayarwa. Ya ce da yana da inda zai kai ta da ya kai. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba, kamar wanda ya kwana biyu yana zazzaɓi.

Na roƙe shi ya bar ni in je Icirnawa. Ya ba ni jaki, wani ɗan'uwansa ya raka ni. Na sami Baba a gona, na gaya masa komai, har da cin naman. Na ce ya karɓe ta ko na shekara ɗaya ne, tana da ƙarfi, za ta yi masa noma. Ya jingina da hauyarsa ya ce:

"'Yar nan, labarin ya riga ki zuwa. Nan cewa ake yara uku ta ci. Jiya wani daga Dawce ya ce biyar. In na sauke ta a gidana, ƙannenki mata biyu ba su yi aure ba."

"Baba, ƙarya ce."

"Na sani. Ki sha ruwa ki koma, kada rana ta faɗi kina hanya."

Na dawo. Yaya ta dubi fuskata tun daga zaure ta gane. Ta karɓi yarinyar ta ba ta nono.

Ana gobe kasuwa wani ayari ya sauka a bayan gari, za su Damagaram, daga can su yi arewa. Maigida ya je ya yi cinikinta ya dawo. Ban tambaye shi yadda suka yi ba, shi ma bai faɗa ba. Ya dai ce ya zaɓi wani dattijo a cikinsu da ake cewa ba ya dukan bayi.

Da sassafe na dama mata fura da ɗan geron da ya rage, na ƙulla mata ƙuli-ƙuli a tsumma, na ba ta zanena baƙi na aure da takalman fata, don na tuna ƙafafunta ranar da ta zo. Inna ta fito daga ɗakinta ta ajiye goro ɗaya a kan ƙunshin, ta koma. Yaya ta zauna a bakin ƙofar ɗakina ta shayar da yarinyar, wannan nonon sa'an nan wancan, har ta yi barci. Ta kwantar da ita da kanta. Ta gaya mini in ta tashi kada in ba ta kunu da zafi, kuma tana son a shafa mata bayan kunne.

Na raka ta har zaure, iyakar inda zan iya. Wani mutum mai rawani har ido yana tsaye a waje riƙe da igiya. Ta leƙa ta gan shi, ta juyo ta kama hannuna.

"Uwar ɗakina, waɗannan fa? Suna ci?"

Na ce, "A'a, Yaya. Ba su ci."

"Kin tabbata?"

Ni da ban taɓa wuce Kance ba, me na sani game da inda za a kai ta? Na ce na tabbata. Ta gyaɗa kai. Mutumin bai ɗaura mata igiyar ba, ya dai nuna mata hanya da ita. Ta bi shi, takalman a hannunta. Mutanen unguwa suna tsaye a ƙofofinsu suna kallo. Da suka sha kwanar gidan maƙera ban ƙara ganinta ba.

Yarinyar ta tashi ta nemi nono. Ta zagaya bayan ɗaki, ta leƙa gindin rumbu, ta je madafa. Kwana shida tana kuka tana ƙin kunu. Ta kama nawa ta tsotsa, ba komai, ta ture ni. Na gwada yi mata waƙar nan, amshin kawai na iya, ta yi shiru ta dubi ƙofa, da ta ga ba kowa ta ƙara fashewa. A kwana na bakwai ta karɓi kunu. Bayan wata biyu ta daina zuwa gindin rumbu.

Mata suka dawo gaishe ni a rijiya kaɗan-kaɗan. Aka yi girbi mai kyau a shekarar. Ba wanda ya ƙara ta da maganar, har wadda ta ce ta gan ta a fadama ta zo mini barka da na sake haihuwa. Duk falken da ya sauka wurin Maigida daga arewa, nakan sa a tambaye shi ko ya ga wata gajeruwa mai feƙaƙƙun haƙora. Wasu su ce irinsu da yawa, wasu su ce ba su lura ba.

Bayan shekara shida wani mutumin Kurni da danginsa suka fanso daga arewa ya dawo gida. Ya ce a wani zango da ke gaba da Damagaram ya ga wata budurwa mai wushirya tana ja wa raƙuma ruwa, da tsagar mutanenmu a fuska. Ta ji Hausarsa ta tambaye shi ko ya san Matameye, ta faɗi sunan babanta masaƙi. Kafin su ƙara magana aka kira ta.

Labarin ya iso garinmu ranar kasuwa. Na zaci za a taru kamar yadda aka taru a gidanmu, ko wani ya zo ya ce mana wani abu. Ba wanda ya zo. Masaƙin ya sayar da akuyoyinsa ya tafi nema, ya yi wata uku ya dawo shi kaɗai, ya ce ayarin ya daɗe da tashi.

Kwana kaɗan bayan dawowarsa, da hantsi, matarsa ta yi sallama a gidanmu. Rabonta da shigowa tun ranar nan. Ta tsufa sosai, ko da yake sa'ata ce. Na shimfiɗa mata tabarma. Ta ce ta zo ne ta tambayi Maigida, tun da shi matafiyi ne, in ayari ya wuce wancan zangon ina yake nufa, kuma kwana nawa ne. Maigida ya zauna daga nesa ya lissafa mata zangunan da ya sani da waɗanda ya ji a bakin mutane, ya ce daga nan sai rairayi, shi bai san abin da ke bayansa ba. Tana jinsa tana motsa baki, tana maimaita sunayen don kada ta manta. Ni ma a zuciyata maimaitawa nake yi.

Da ya gama na kawo mata ruwa a ƙoƙo. Ta sha, ta riƙe ƙoƙon a cinyarta, ta daɗe tana kallon 'yata da ke tsakar gida tana koyon daka. Na ga kamar za ta yi magana, na jira. Sai ta ce rana ta yi, ta bar tukunya a wuta. Na raka ta zaure, na ce ta gaida gida.